Yadda ɗalibin karatu daga nesa zai amfana da zauren tattaunawa da guruf ɗin aji

Tun da aka shiga sabon zangon karatu, tambayoyi kusan iri ɗaya suke ta zuwa mini daga ɗaliban da ke karatu daga nesa. Wasunsu suna Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa wadda aka fi sani da NOUN, wasu suna cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wasu kuma malaman firamare ne da ke ƙaro ilimi a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, mai hedikwata a Kaduna. Wani ya ce an jefa shi cikin guruf har biyar kuma bai san wanda zai bi ba, wata ta ce datarta tana ƙarewa kafin wata ya raba, wani kuma ya ce kullum yana karanta abin da ake rubutawa amma bai taɓa samun ƙarfin halin sa baki ba. Na jera matakan nan bisa tsarin da ya kamata a bi su, daga ranar da aka kammala rajista har zuwa makon jarrabawa. Fasalin shafin kowace makaranta daban ne, amma aikin da ke gaban ɗalibi ɗaya ne.

1. Fara da rarrabe wuraren tattaunawa

Wurare uku ɗalibin nesa yake haɗuwa da malamansa da abokan karatunsa, kuma yawancin ruɗanin da ake samu yana faruwa ne saboda an ɗauki aikin wani wuri an kai wani.

Na farko shi ne zauren tattaunawa da ke cikin shafin karatu na makaranta, wanda makarantu da yawa suke ginawa a kan manhajar Moodle, wasu malaman kuma suna amfani da Google Classroom. A nan malami yake ajiye tambayar mako, ɗalibai su amsa a lokacin da kowa ya samu sarari, kuma duk abin da aka rubuta yana nan da sunan mai shi da ranar da ya rubuta. Na biyu shi ne guruf ɗin aji a WhatsApp ko Telegram, wanda galibi ɗalibai ne suke buɗe shi da kansu. Na uku shi ne darasin kai tsaye ta Zoom ko Google Meet, inda ake haɗuwa a lokaci ɗaya.

Zauren makaranta wurin karatu ne da maki. Guruf wurin sanarwa ne da taimakon gaggawa. Darasin kai tsaye wurin jin bayani ne da warware abin da ya shige duhu.

*Gargaɗi:* amsar da ka rubuta a guruf ba ta cikin lissafin makaranta, ko da malamin yana cikin guruf ɗin kuma ya yaba mata. Na san wata ɗaliba mai ƙwazo da ta shafe makonni tana bayani mai gamsarwa a WhatsApp, har abokan karatunta suna dogara da ita, amma da aka zo tattara maki sai aka ga ba ta da rubutu ko ɗaya a zauren kwas ɗin.

2. Tanadi kayan aiki, ka kuma yi lissafin data

Wayar Android mai matsakaicin ƙarfi ta isa yawancin aikin, muddin tana da wurin ajiyar da zai ɗauki littattafan kwas. Kwamfuta tana sauƙaƙa dogon rubutu, amma rashinta ba ya hana karatu. Bayan waya kana buƙatar abin sauraro na kunne mai makirfo, da batirin ajiya na cajin waya ko ƙaramar sola saboda ɗaukewar wuta, da adireshin imel ɗaya da ka keɓe wa karatu, da littafin rubutu na takarda. Idan da hali, ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, domin ranar da sabis ɗin ɗaya ya yi rauni ɗayan ya cece ka.

Batun kuɗi kuwa, data ce take cin kaso mafi girma, musamman tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na farashin kira da data a watan Janairun 2025. Farashi yana canzawa, don haka ka duba na yau da kanka: a kowane layi na Najeriya *312# yana nuna tsarin sayen data, *323# kuma yana nuna abin da ya rage maka.

Abin da ya kamata ka sani shi ne inda datar take tafiya. Rubutu a zaure ko a guruf kusan ba ya cin komai. Awa ɗaya ta darasin bidiyo da mutane da yawa a ciki tana iya cin rabin gigabait zuwa sama da gigabait ɗaya, alhali awa ɗaya ta murya kaɗai ba ta kai megabait 100 ba. Ke nan wanda yake da darasi uku a mako, kowanne awa ɗaya, zai iya ƙone gigabait 6 zuwa 12 a wata idan da bidiyo yake shiga, amma idan murya ya fi dogara da ita, ɗan abin da ya haura gigabait ɗaya zai ishe shi. Sayen datar wata guda ya fi sayen ta kullum-kullum arha, kuma garaɓasar dare da kamfanoni suke bayarwa daga tsakar dare zuwa asuba ta dace da sauke littattafai da bidiyon darussan da suka wuce.

3. Gyara saitin waya kafin ka shiga ko'ina

Wannan aikin minti goma ne, amma wanda ya tsallake shi zai yi ta biyan kuɗinsa har ƙarshen zango.

A WhatsApp da Telegram, ka shiga saitin ajiya da data ka kashe saukar hotuna da bidiyo da fayiloli kai tsaye, ta yadda babu abin da zai sauka sai wanda ka taɓa da hannunka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato lambar sirri mai alƙaluma 6 da kai kaɗai ka sani, ka haɗa ta da imel ɗinka. Ka sa sunanka na gaskiya, irin wanda yake takardar rajistarka, domin malami ba zai san wane ne "Ɗan Autan Mama" ba idan ya zo neman mai tambaya. Sannan ka rubuta lambar rajistarka da sunan shiga shafin makaranta a littafinka na takarda, amma kalmar sirri kada ka ba kowa, har da mai shagon kwamfutar da ya taimaka maka wajen rajista. Idan shi ya zaɓa maka ita, ka canza ta a ranar.

4. Makon farko a zauren makaranta

Ka shiga shafin karatu, ka buɗe kwasa-kwasanka ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata duk kwas ɗin da ka yi wa rajista ya bayyana. Wanda bai bayyana ba ka kai ƙorafinsa cibiyar karatunka ko sashen taimako na shafin a makon nan, kada ka jira sai jarrabawa ta ƙarato.

A cikin kowane kwas ka nemi abubuwa uku ka kwafe su a littafinka: ranar da ake rufe kowace tattaunawa, ko tattaunawar tana da maki ko ba ta da shi, da yawan rubutun da ake so daga kowane ɗalibi. Wasu malaman suna neman amsa ɗaya taka da martani biyu ga abokan karatu, wasu kuma amsa ɗaya ta ishe su. Idan shafin makarantarku na Moodle ne kuma makarantar ta buɗe damar haka, ka sauke manhajar Moodle ta waya, domin tana ba ka damar ajiye darussa ka karanta ko babu sabis.

Galibi akwai zauren gabatar da kai. Kada ka raina shi. Layi huɗu sun isa: sunanka, garin da kake, aikin da kake yi, da abin da ya kawo ka kwas ɗin. Ta nan ne ma'aikaciyar jinya a Gusau take gano cewa akwai wata a Birnin Kebbi da suke kwas ɗaya kuma aikin dare ɗaya suke yi, daga nan sai su zama abokan bita. Adireshin gida da lambar waya ba su da wuri a wannan gabatarwa.

5. Rubuta amsarka ta mako

Nan ne ainihin karatun yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ɗalibin aji na yau da kullum yana da malami a gabansa wanda zai kalli fuskarsa ya gane bai fahimta ba. Ɗalibin nesa ba shi da wannan gata, rubutunsa ne kaɗai yake nuna abin da ya gane da abin da ya kuskure, kuma wanda bai rubuta komai ba babu yadda za a gyara masa.

Ka fara karanta babin da aka ba da kafin ka kalli amsar kowa. Bayan haka ka karanta tambayar sau biyu, ka ja layi a ƙarƙashin abin da aka ce ka yi, domin bayyanawa daban take da kwatantawa, kuma kawo misali daban yake da yin suka. Sai ka tsara amsar a takarda ko a manhajar rubutu ta wayarka, ba a cikin akwatin zauren kai tsaye ba. Dalili kuwa shi ne sabis yana iya yankewa ko shafin ya fitar da kai saboda daɗewa, rubutun rabin awa ya tafi a banza. Idan ka gama ka kwafa ka manna ka aika.

Amsa mai kyau tana da abubuwa uku ko da gajeriya ce. Tana faɗin matsayarka a jimlar farko, tana kawo hujja daga littafin kwas tare da ambaton babi ko shafi, sannan tana ɗora misali daga abin da ka sani da idonka. Wannan na ukun shi ne dukiyar ɗalibin nesa, domin yawancinku ma'aikata ne ko 'yan kasuwa ko masu riƙe da gida. Idan ana maganar yawan ɗalibai a aji, malamin da yake koyar da yara sama da 80 a ɗaki ɗaya yana da abin faɗa wanda littafi bai rubuta ba. Idan ana maganar hauhawar farashi, mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ya fi kowa sanin yadda buhun masara yake motsi tsakanin kaka da bazara. Idan malami bai ƙayyade tsawo ba, sakin layi biyu ko uku sun wadatar.

Bayan ka aika, ka sake buɗe zauren ka ga rubutunka ya bayyana da sunanka, sannan ka ɗauki hoton allon wayar ka ajiye a matsayin shaida. A Moodle akan ba da minti 30 na gyara bayan aikawa, sai dai in makaranta ta sauya adadin, saboda haka ka sake karantawa nan take. Akwai kuma wani nau'in zaure na tambaya da amsa wanda ba ya nuna maka amsoshin wasu sai ka aika taka kuma lokacin gyaran ya wuce. Idan ka shiga ka ga kamar babu kowa, ba lalacewa shafin ya yi ba, haka malamin ya tsara shi.

*Gargaɗi:* kada ka kwafo amsa daga intanet ko daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ka manna da sunanka. Makarantu da dama suna amfani da manhajojin gano kwafe irin su Turnitin, kuma ko babu su, malamin da ya karanta amsa goma masu kama ɗaya ya san abin da ya faru. Abin da ya fi wannan muni shi ne ranar jarrabawa kai kaɗai za ka zauna, kuma abin da ba ka taɓa juya shi a kanka ba ba zai zo maka ba.

*Gargaɗi na biyu:* kada ka bari sai daren rufewa. A lokacin ne kowa yake rububin shiga, shafin ya yi nauyi, kuma wasu shafukan suna rufewa da ƙarfe 11:59 na dare ba tare da ɗaga ƙafa ba. Ɗaliban da ke wajen Najeriya su lura da bambancin agogo: Nijar da Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya da Najeriya, Ghana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya kuma da awa biyu.

6. Mayar da martani ga abokan karatu

"Na yarda da kai" ko "Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma ba martanin ilimi ba ce, kuma ba ta jawo maki. Ka zaɓi amsa ɗaya ko biyu, musamman waɗanda babu wanda ya kula su, ka ambaci ainihin maganar da kake magana a kanta, sannan ka ƙara wani abu: misalin da ya ƙarfafa ta, ko wanda ya saɓa mata, ko tambayar da za ta sa mai rubutun ya ƙara tunani. Ka danna maɓallin amsawa da ke ƙarƙashin rubutun mutumin, kada ka buɗe sabon batu, domin zaren maganar ya tafi a jere.

Akwai wani nauyi da muke ji wanda ya kamata a faɗe shi a fili. A ajin nesa za ka tarar da sa'ar mahaifinka, ko shugabanka a wurin aiki, ko malamar da ta koyar da kai a firamare, kuma tarbiyyarmu ba ta saba da ƙaramin mutum ya ce wa babba ya yi kuskure ba. Hanyar ita ce ka girmama mutumin ka kuma faɗi gaskiyar maganar. Kana iya cewa: "Malam, na amfana da bayaninku, sai dai a babi na uku na ga an kawo abin ta wata fuska, ko za ku duba mana?" Rubutu ba ya ɗauke da murmushi ko sassaucin murya, don haka kalmar da za ta wuce lafiya a baki tana iya zama zafi a allo. Idan ranka ya ɓaci, ka bari sai gobe.

7. Yadda ake yi wa malami tambaya

Matambayi ba ya ɓata, amma malamin da ke riƙe da ɗaruruwan ɗalibai yana fara amsa tambayar da ta fito sarai. Ka fara duba ko wani ya riga ya yi ta. Idan babu, ka sa mata take mai ma'ana, ka ambaci lambar kwas da babi da shafi, ka faɗi abin da ka gane da daidai inda ka tsaya. Tambayar da ta shafi darasi ka yi ta a zaure domin kowa ya amfana. Wadda ta shafi makinka ko rashin lafiya ko uzurin gida ka aika ta a keɓe, da sallama da cikakken sunanka da lambar rajistarka a saƙo ɗaya. Kada ka aika sallama kaɗai ka zauna jiran a amsa kafin ka faɗi buƙatarka, kuma ka ba da kwana biyu na aiki kafin ka tuna masa.

8. Tsara guruf ɗin aji

Guruf ɗin da ba shi da tsari yakan mutu ta ɗayan hanyoyi biyu: ko dai ya cika da gaisuwar Juma'a da tallace-tallace da gardamar siyasa har masu karatun gaske su rufe sautinsa su daina dubawa, ko kuma ya yi tsit sai makon jarrabawa. Idan kai ne wakilin aji, ko kana cikin masu kula da guruf, ga yadda za ka kauce wa duka biyun.

Ka fara zaɓar manhaja. WhatsApp kowa yana da shi, guruf ɗinsa yana ɗaukar mutum 1,024, amma duk wanda ke ciki yana ganin lambar wayar kowa, kuma wanda ya shigo a makare ba ya samun tarin abin da aka tattauna tun farkon zango. Telegram yana ɗaukar har mutum 200,000, yana ba da damar ɓoye lamba, ana iya buɗe wa sabon shiga tsofaffin saƙonni, ana iya raba guruf ɗaya zuwa batutuwa ta yadda kowane kwas zai samu ɗakinsa, kuma fayilolin suna zaune a can ko da ka share su daga wayarka. A ganina ajin da ya haura mutum 100 ya fi dacewa da Telegram, ko don ɓoye lambar ɗalibai mata, waɗanda da yawansu suke ficewa daga guruf saboda saƙonnin da baƙin maza suke aiko musu a keɓe. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin matan aure da masu shayarwa suna cikin waɗanda karatun nesa ya fi yi wa amfani.

Ka buɗe guruf biyu. Ɗaya na sanarwa wanda masu kula kaɗai suke iya rubutu a ciki, ɗaya na tattaunawa. Masu kula su zama uku, a samu mace a cikinsu. A kunna saitin da yake sa sai mai kula ya amince kafin sabon mutum ya shiga, kuma kada a watsa mahaɗin shiga, wato link, a Facebook. A rubuta dokoki kaɗan a bayanin guruf: babu talla, babu siyasa, babu tura saƙon da bai shafi karatu ba, babu bin ɗaliba a keɓe ba da izininta ba, kuma duk sanarwar da aka kawo a faɗi inda aka samo ta. Jadawalin darussa da ranakun rufe jinga a maƙale su a sama. WhatsApp yana barin a maƙale saƙo na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30, don haka sai an riƙa sabuntawa.

Saƙon murya yana da amfani wajen bayanin lissafi tare da hoton takarda, ko furucin Larabci da Faransanci, amma ba a iya bincika abin da ke cikinsa daga baya, kuma wanda yake ofis ko asibiti ba zai iya saurara ba. A taƙaita shi zuwa minti biyu, a kuma rubuta layi ɗaya a ƙarƙashinsa da ke faɗin abin da ya ƙunsa. Idan kowa a guruf yana jin Hausa, bayani da Hausa yana saurin shiga, amma a bar kalmomin fannin yadda suke a littafin kwas, domin da su za a yi tambaya a jarrabawa. Idan akwai waɗanda ba sa ji, a yi adalci a yi amfani da harshen da ya haɗa kowa.

Babban guruf ba ya koyar da kowa shi kaɗai. Daga cikinsa ku ware ƙananan rukunai na mutum biyar zuwa bakwai, kowane rukuni ya tsayar da awa ɗaya a mako, misali bayan sallar isha'i ranar Talata ko safiyar Lahadi, a raba babi, kowa ya zo ya yi bayanin nasa. Da azumi a sake zaɓar lokaci ta hanyar ƙuri'ar da manhajar take bayarwa.

*Gargaɗi:* akwai damfarar da ta addabi guruf-guruf na ɗalibai. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunanka da sunan guruf ɗinku, ya ce za a yi taro ta Zoom da daddare kuma an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Lambar nan mai alƙaluma 6 ta rajistar WhatsApp ɗinka ce, kana faɗa masa ya ƙwace asusunka ya fara roƙon kuɗi da sunanka. Babu wani taro da yake buƙatar ka karanta wa wani lambar da ta shigo wayarka. Idan abin ya riga ya faru, ka sake yin rajistar WhatsApp da layinka nan take, domin sabuwar lambar tana fitar da ɓarawon, sai dai idan ya riga ya sa tasa lambar sirrin ta tabbatarwa mai mataki biyu, kana iya jiran kwana 7 kafin kai ka samu shiga. Ka kira wani mai kula ya cire lambarka daga guruf har ka dawo da ita.

*Gargaɗi na biyu:* kuɗin makaranta ta hanyar da shafin makaranta ya nuna kaɗai ake biyansa, ba ta asusun wani mutum a guruf ba. Haka nan masu tallar amsoshin jinga. A NOUN, misali, jingar da ake kira TMA tana ɗauke da maki 30, jarrabawa kuma 70, don haka wanda ya sayi amsar talatin ɗin bai shirya wa saba'in ɗin ba, kuma sau da yawa amsoshin da ake sayarwa na tsohon zango ne ko kuma kuskure ne.

9. Shiga darasin kai tsaye

Ka caja waya tun da rana, ka nemi wurin da sabis ya fi ƙarfi a gidan, ka shiga minti biyar kafin lokaci da cikakken sunanka. Makirfo a kashe, kyamara a kashe, sai in malami ya nemi a kunna. A Zoom akwai damar dakatar da bidiyon sauran mahalarta, wanda yake rage cin data sosai. Ka riƙe biro da takarda, domin wanda yake sauraro hannu sake hankalinsa yakan koma wani guruf.

Akwatin rubutu da ke gefen darasin na tambaya ne. Ka rubuta tambayarka cikakkiya a saƙo ɗaya, ko ka danna alamar ɗaga hannu ka jira a kira ka. Idan sabis ya yanke ka koma ta mahaɗin da ka shiga da shi ba tare da ka katse malami da neman a maimaita ba, daga baya ka nemi abin da ya wuce ka a wurin rukuninku ko a faifan darasin idan an naɗa.

Idan ku ɗalibai ne kuka shirya zaman da kanku, ku sani cewa Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta kuma bayan minti 60 idan mahalarta sun kai uku, kuma kowannensu yana ɗaukar mutum 100. Ku tsara zaman daidai da haka, ko ku tanadi mahaɗi na biyu tun kafin a fara.

*Gargaɗi:* ka duba makirfonka duk lokacin da ka sake shiga, domin wani lokaci yana dawowa a kunne, aji duka ya ji hirar cikin gidanka. Kuma kada ka naɗi muryar malami ko hoton abokan karatu ka yaɗa ba da izininsu ba.

10. Adana abin da aka tattauna

Hirar guruf tana nutsewa cikin kwana biyu, kuma wasu makarantun suna rufe zauren kwas da zarar zango ya ƙare. Saboda haka kowane mako rukuninku ya wakilta mutum ɗaya, bi da bi, ya rubuta taƙaitawar shafi ɗaya: tambayar da aka yi, amsoshin da suka fi ƙarfi, gyaran da malami ya yi, da abin da har yanzu ba a warware ba. A mayar da ita PDF, a sa mata suna mai lambar kwas da lambar mako, a ajiye a babban fayil ɗaya, wato folda, na Google Drive da kowa zai iya buɗewa. Asusun Google na kyauta yana da gigabait 15, wanda ya ishi irin wannan aiki har a gama digiri. Gyaran da malami ya yi wa amsarka kai kanka kuwa, ka kwafe shi da hannu a littafinka.

Idan ya rage mako biyu a fara jarrabawa, ku tattara taƙaitawar duka, ku fitar da tambayoyin da ba a warware ba ku jera su a saƙo ɗaya a zauren kwas tun malami yana da lokacin amsawa. Jadawalin jarrabawa da wurin zama kuma kowa ya duba nasa a shafin makaranta da kansa, ya sake dubawa ana gobe za a fara, domin hoton jadawalin da ake yawo da shi a guruf yana iya zama na farko wanda aka riga aka sauya.